Allon ƙofar coci ko littafin albashin mai gadi: ta ina ikilisiya za ta fara?

Dattijo_Maamobi:
Salama gare ku 'yan'uwa. Tambaya ce ga waɗanda suka san aikin kwamiti. Ikilisiya ce mai mutum kamar 200 a nan Ankara (Accra), babban birnin Gana, tsakanin Nima da Maamobi, maƙwabtanta galibi Musulmi, tana so unguwa ta san cewa tana tare da wanda aka danne. An kawo shawara uku: a kafa babban allo a bakin ƙofa da ayar Amos 5:24, ko a yi tattakin addu'a a kan galamse, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, ko a ware Lahadi ɗaya a shekara a raba shinkafa da mai. Kuɗin da ke ƙasa ba zai ɗauki duka ukun ba. Da wanne za a fara, kuma me ya fi ɓata irin wannan aiki?

Akawu_SabonZango:
Baba, da izininka, ba ko ɗaya. A fara buɗe littafin albashi. Da wuya ka ga cocin da ba ta da mai gadi da mai shara, wata har da direba, kuma sau da yawa ana kiran abin da ake ba su "alawus" don a kauce wa doka. Mafi ƙarancin albashin yini a 2025 sidi 19.97 ne. A ninka da kwana 27 yadda ake lissafi, ya kama sidi 539.19 a wata. Duk wanda ke karɓar ƙasa da mafi ƙarancin albashin shekarar da ake ciki, a gyara nasa kafin a sayi fenti.

Sai SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa. Ma'aikaci ana cire masa kashi 5.5 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya ɗora kashi 13, jimla 18.5. Misali albashin sidi 800: a cire 44, coci ta ƙara 104, a kai 148, wato 108 ga SSNIT da 40 ga asusun fansho na mataki na biyu, kuma kafin ranar 14 ga watan da ke biye. In aka makara akwai tara ta kashi 3 cikin ɗari kowane wata. Inda ake yawan faɗuwa shi ne ma'aji ya cire na ma'aikaci ya riƙe a asusun gini da niyyar "za a mayar". Mai gadi ba zai gane ba sai ya kai shekara 60 ya je neman fansho. Yakubu 5:4 a kan wannan take magana, hakkin masu girbi da aka danne.

MamanTalatu:
To ni abin da ya dame ni shi ne shelar kanta. Ba a ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ya bayar ba? Me ya kawo allo?

Katikis_Ashaiman:
Mama, abu biyu ne. Matiyu 6 a kan sadaka take, kuma abin da ake ɓoyewa shi ne sunan mai bayarwa da fuskar mai karɓa. Amma tsayawa da wanda aka zalunta ba ya yiwuwa a ɓoye. In maigidan haya ya nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a wuce wata shida ba, shirun coci ba tawali'u ba ne, tsoro ne, musamman idan maigidan dattijo ne a cocin. Sadaka a rufe, matsayi a buɗe.

MamanTalatu:
Na ji wannan. Amma a faɗa wa masu ɗaukar hoto da waya.

Lauya_Adabraka:
Bari in ɗauki batun tattaki, domin nan ne ake shiga hannun hukuma ba a shirya ba. Ba izini ake nema wurin 'yan sanda ba, sanarwa ake ba su. Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin neman izini tun 1993, shi ya sa aka yi dokar 1994 mai lamba 491. Abin da take buƙata: takarda a rubuce, da sa hannun mai shiryawa, a kai ofishin 'yan sanda mafi kusa aƙalla kwana biyar kafin ranar, ga jami'in da bai gaza muƙamin ASP, wato mataimakin sufritanda, ba. A ciki a rubuta irin taron, lokacin farawa, hanyar da za a bi, inda za a tsaya, da lokacin tashi. A kai kwafi biyu, a buga hatimi a ɗaya a dawo da shi. Wannan kwafin ya kasance a aljihun wanda ke gaban layi, ba a durowar ofis ba.

Kuskure na farko: tunanin cewa tunda addu'a ce, doka ba ta shafe ta ba. Sujada a cikin harabarku daban, amma da zarar kun hau titi a jere, jerin gwano ne. Na biyu: 'yan sanda su ce a sauya hanya ko a ɗage rana, kwamiti ya yi banza da su. Suna da damar zuwa kotu su karɓo umarnin hanawa, kuma in aka fito bayan umarnin, laifin ya koma raina kotu. Na uku: dokar ta ɗora wa masu shiryawa alhakin duk dukiyar gwamnati da aka ɓata. Saboda haka a sa masu tsaron layi da riga mai ƙyalli, mutum ɗaya ga kowane ashirin, kuma kwamiti ne zai rubuta allunan hannu ya ƙirga su. Allon da ba naku ba, a karɓe shi cikin ladabi.

Abu_Asawase:
Mutum 200 a titi ana yi musu kallon masu rakiyar gawa ne kawai. Wanda ya yi tasiri shi ne na Katolika a Ankara ranar 11 ga Oktoba 2024, daga babbar majami'ar Holy Spirit a Adabraka zuwa cocin Christ the King, aka miƙa takardar koke ga fadar shugaban ƙasa. Me ya sa aka saurara? Yawan jama'a, rigunan fadoci da sistoci a gaba, da buƙatu masu suna: a ayyana dokar ta-ɓaci a kan galamse, a soke ƙa'idar L.I. 2462 da ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a gandun daji. Ƙaramar ikilisiya gara ta shiga ƙarƙashin uwar ɗarikarta ko Majalisar Kiristoci ta Gana, wadda take nan tun 1929, da ta fito ita kaɗai.

Dogo_Kejetia:
Gaskiya ne. Kuma mu na Kumasi galamse ba labarin rediyo ba ne, kogin Offin na nan kamar kunun gyaɗa. Pra, Ankobra, Birim, duk haka. A 2024 kamfanin ruwa da kansa ya ce gurɓacewar ruwan da ke shiga matatar Sekyere Hemang ta kai 14,000 a ma'auninsu, alhali an gina ta don 2,000. Irin wannan lambar ake sa wa a takardar koke, ba "muna baƙin ciki ƙwarai" ba. Amma ga tambayar da ba a so: in mai haƙar zinariya ya kawo baiko mai kauri ranar bikin girbi, za a karɓa?

Akawu_SabonZango:
Dogo, ana iya rubuta ƙa'ida tun kafin mutumin ya iso. Duk kyautar da ta wuce adadin da kwamiti ya yanka, a ce sidi 5,000, sai an rubuta sunan mai ita da sana'arsa, dattawa uku su sa hannu kafin ta shiga asusu. In an ƙi ta, ƙa'ida ce ta ƙi, ba fasto ba. Haka ɗan siyasa a shekarar zaɓe: ya zauna a benci kamar kowa, a gaishe shi, ba a ba shi makirfo a kan bagade. Da zarar an ga ɗan jam'iyyar NPP ko NDC yana yanka kintinkirin aikinku, rabin unguwa ta gama yanke hukunci.

Malam_Sani_Nima:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri da shigowar maƙwabci. Ni Musulmi ne, amma tunda unguwar tamu ce, ga yadda abin yake a idonmu. Allo ba ya damun kowa, ba ya kuma burge kowa. Abin da mutanen zango ke dubawa shi ne ko taimakon yana da ƙugiya. In an ce sai an zauna an ji wa'azi kafin a ba da buhu, ko a rubuta sunan yaro a kai shi makarantar Lahadi, to ranar farko za a cika, ta biyu liman zai yi magana a huɗuba, shi ke nan. Hanyar da take ɓullewa: kafin a buga ko da takarda ɗaya, dattawa biyu da uwar zumuntar mata su je gaisuwa wurin sarkin zango da limamin unguwa, da goro, su faɗi abin da suke nufi, su nemi a ba su mutum ɗaya daga masallaci ya zauna a kwamitin rabo. Kada a sa aiki ranar Juma'a tsakanin sha biyu da biyu na rana. A watan azumi kada a dafa abincin rana, a ba da ɗanyen kaya da yamma.

Ku tuna a Afrilun 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je Christ the King ranar Ista lokacin da ya cika shekara ɗari. Ƙofar a buɗe take tun daga sama, saura a bi ta da ladabi.

Hajiya_Fadama:
Malam ya faɗi rabi. Sauran rabin makarantun mishan ne. Tun rikicin makarantar 'yan mata ta Wesley Girls a 2021, inda aka hana ɗaliba Musulma azumi, iyaye suke kallon wannan. Cocin da ke da makaranta ta rubuta a fili: yarinya Musulma za ta iya azumi? Tana da wurin salla? Amsar nan ta fi aya goma a bango.

Fasto_Madina:
Hajiya, maganarki tana da nauyi, amma a yi wa ƙaramar ikilisiya adalci: ba ita ke riƙe da manyan makarantun kwana ba, uwar ɗarika ce da hukumar ilimi. Abin da take iyawa shi ne ta kai ƙuduri taron gunduma a rubuce, sannan ta gyara ƙaramar makarantarta ta rainon yara in tana da ita. Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa ta shiga tsakani a wannan batu, kuma can ya dace a matsa.

Yaro_Kawokudi:
Tunda an taɓo maƙwabtaka: lasifikar kwanan addu'a fa? Mai sayar da koko da za ta tashi ƙarfe uku na dare ba ta runtsa ba. A juya bakin lasifika ciki, a rage bayan goma. Kyauta ne, ba ya cin ko sisi.

Malam_Sani_Nima:
Wannan kam har da mu masu masallaci, kada in yi son kai.

Injiniya_Aboabo:
Ku dawo bakin ƙofa. Kafin allo, a duba matakala. Dokar naƙasassu ta 2006, lamba 715, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara goma su gyara, wa'adin ya ƙare tun 2016. Lissafin gangara: kowane santimita ɗaya na tudu yana son santimita 12 na tsawo. Matakala uku masu santimita 15 kowace, tudun 45 ke nan, gangarar za ta ci mita 5.4. Faɗi kada ya gaza mita 1.2, da ƙarfen riƙewa a gefe biyu, da ɗan fili shimfiɗaɗɗe a sama inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa. Abin da magina ke yi shi ne su matse ta cikin mita biyu don filin ya yi kaɗan, sai ta zama abin da ko mai turawa yana tsoro. In fili bai isa ba a lanƙwasa ta biyu da wurin hutawa a tsakiya. Kada a sa tayil mai santsi, ruwan Yuni zai mai da ita tarko. A bar siminti a ja shi da tsintsiya tun yana ɗanye. Sannan a cire benci ɗaya a tsakiyar majami'a, ba can baya kusa da ƙofa ba. In akwai kurma ko ɗaya, a nemi mai fassara da hannu a biya shi, kada a ɗora wa ɗansa ɗan shekara goma.

Nas_Rifkatu:
Shawara ta uku, rabon shinkafa, ita ce mafi rauni, kuma ita aka fi so don tana kyau a hoto. Buhu mai kilo biyar sati ɗaya ne a gidan mutum shida. Da kuɗin nan a yi ranar katin inshorar lafiya.

Yadda ake yi: a rubuta wa ofishin inshorar lafiya (NHIS) na gunduma wata guda kafin ranar, a roƙi su zo da na'urarsu. A tanadi rumfa, kujeru, wuta da janareta, da intanet na waya daga kamfani biyu, domin layi ɗaya yakan yanke a bar mutane a rana. Sabunta kati ba ya buƙatar ofis, ana yi da *929# ta MoMo, wato kuɗin waya, don haka matasa biyar da wayoyi su zauna tebur daban, layin ya rabu biyu: sababbi nan, masu sabuntawa can. A san waɗanda doka ta ɗauke wa kuɗin shekara: mai ciki, wanda ya kai 70, yara ƙasa da 18, da wanda ofishin jin daɗin jama'a ya tabbatar ba shi da hali. Wasunsu akwai ɗan kuɗin rajista, wannan coci ta biya. A gaya wa manya cewa sabon kati ba ya aiki nan take, akwai jiran wata guda, in ba haka ba mutum ya je asibiti gobe a koro shi ya ce coci ta yaudare shi. Babban abin da ke kashe aikin: ba a rubuta ranar ƙarewar kati. A buɗe littafi, suna da lambar waya da wata, baɗi a kira su.

In kayaye, mata masu dakon kaya a kasuwa, ake nufi, na Agbogbloshie ko Makola ko Kejetia, a sa ranar Lahadi da rana lokacin da kasuwa ta lafa, a bi ta hannun shugabanninsu, a kawo mai jin Dagbanci da Mamprusanci. Da yawansu Hausarsu ta ciniki ce kawai, ba za ta ɗauki bayanin magani ba.

MamanTalatu:
Yauwa 'yata. Kuma hoton da na ce: a ɗauki rumfa, a ɗauki masu aiki, a ɗauki bayan layi. Fuskar mai karɓa sai da yardarta, yaro kuwa sai da yardar uwarsa. Littafin nan mai lambobin waya a kulle shi, ba na kwamitin bishara ba ne.

Dogo_Kejetia:
Nas, ban yarda a zubar da shinkafa gaba ɗaya ba. Lokacin gobarar Kantamanto a farkon Janairun 2025, ko ta Adum a Maris ɗin shekarar, wanda rumfarsa ta ƙone abinci yake nema a daren, ba kati ba. A ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin a ajiye don irin wannan.

Nas_Rifkatu:
Ajiyar gaggawa daban, bikin rabo na shekara daban. Na farkon na yarda.

Lauya_Adabraka:
Akwai aikin da ba a ambata ba, kuma zango ta fi kowa buƙatarsa: waɗanda ake tsare da su. Tsarin mulkin 1992 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin awa 48. Kotun Ƙoli ta ce a 2016 babu laifin da ba a iya neman belinsa, a 2019 kuma ta ce awa 48 ɗin har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Belin 'yan sanda ba a biyan kuɗi. Iyaye da yawa ba su san ko ɗaya cikin ukun nan ba. A buga su a takarda ɗaya da Hausa da Turanci da Tuwi, a liƙa a ƙofa, da kwatancen ofishin taimakon shari'a na gwamnati, da hukumar kare haƙƙin ɗan adam (CHRAJ), da sashen 'yan sanda na DOVVSU don dukan mata da yara.

Gargaɗi biyu. Kada dattijo ya tsaya wa wanda bai san gidansa da danginsa ba. In ya gudu, kuɗin belin a wuyan mai tsayawa yake. Kuma kada ɗan kwamiti ya riƙa ba da shawarar shari'a, aikinsa rakiya da rubuta kwanan wata: yaushe aka kama, yaushe aka kai kotu, yaushe aka ɗage. Wannan rubutun ne lauya ke buƙata, kuma shi ke fito da wanda fayil ɗinsa ya kwanta. Shirin da ke kai alƙalai cikin kurkuku don masu jiran shari'a yana nan tun 2007.

Fasto_Madina:
Ga masu son ziyarar kurkukun Nsawam ko babban kurkukun Kumasi: sai an rubuta wa hukumar gidan yari tukuna, a jera sunayen masu zuwa da kayan da za a kai. Sabulu, garin rogo, wake, man shafawa na ƙaiƙayi da audugar mata sun fi amfani da lemon kwalba. A da, an yi shekaru da yawa kuɗin abincin fursuna a yini yana sidi 1.80, ku auna. Cocin Pentecost ta gina gidajen yari a Ejura da Nsawam, wasu suka yaba, wasu suka ce me ya sa ba masana'anta ba. Ko babba ba ta tsira daga baki ba, balle ƙarama.

Abu_Asawase:
Duk wannan ayyuka ne masu kyau, amma Baba ya tambayi yadda unguwa za ta sani. Kun binne allon.

Akawu_SabonZango:
Ban binne shi ba, abin da za a rubuta a kai nake so a sauya. Maimakon babban allon roba da rana za ta cinye launinsa cikin wata shida, a yi akwatin gilashi mai makulli, mita ɗaya da rabi, yana kallon titi. Aya ɗaya a sama. Ƙasa da ita alkawura uku ko huɗu da za a iya ƙirgawa: ma'aikatanmu kaza ne, duka suna da SSNIT, kashi kaza na baiko yana zuwa asusun taimako, taimako ba ya tambayar addini, ga wanda za a kai wa ƙara in an saɓa. Kowane wata uku a liƙa takarda ɗaya: nawa ya shigo, nawa ya fita, kati nawa aka sabunta. Sa hannu biyu a asusun, kuma fasto kada ya zama ɗaya daga ciki, don kare shi ne. Haɗarinsa ɗaya: in aka liƙa sau biyu aka daina, takardar da ta yi ja a gilashi za ta riƙa ba da shaida a kanku kullum.

Katikis_Ashaiman:
Ni a nan muka rabu da Akawu kaɗan. Lissafi ba ya maye gurbin murya. Bishop-bishop na Katolika suna fitar da sanarwar bayan taro kowace shekara, suna kiran abu da sunansa, kuma gwamnatoci na jin zafinta. Ikilisiya ma tana iya rubuta wa ɗan majalisar unguwa a kan kwatar Nima da ke cika da shara, ta nemi bayanin kuɗin kwashe ta ƙarƙashin dokar samun bayanai ta 2019, wadda ta ba jami'i kwana 14 ya amsa, ta karanta amsar a sujada. Bayan ambaliya da gobarar gidan mai da suka ci rayuka a Circle ranar 3 ga Yuni 2015, ba wanda zai ce kwata ba batun rai ba ne. In liman ya sa hannu tare da fasto, takardar ba ta kwana a tire.

Dattijo_Maamobi:
Na gode, Allah ya saka. Zan kai wa kwamiti batun albashi da gangara da akwatin gilashi. Matasa dai tattaki suke so, kuma ban ga abin da zai sauko da su ba. Lauya, kwana biyar ɗin nan har da Asabar da Lahadi ake ƙirgawa?

Lauya_Adabraka:
Baba, kada a tsaya jayayya da kwamanda a kan ƙirga. A kai takardar kwana goma kafin ranar.

Yaro_Kawokudi:
Matasan su fara da tattaki zuwa bayan coci, inda mai gadi ke kwana a kan kwali.

Hajiya_Fadama:
Fasto, har yanzu ba ka ce komai a kan wurin sallar ba.